Ƙaramin Yatsan Ndakotsu

Ni ce na fara ganewa, ina jin har kafin matarsa. Ba kuma don ƙauna na gane ba. Mutumin da kuka daɗe kuna faɗa, kai ka fi kowa sa masa ido.

Sunana Barira, amma a layinmu na Limawa Maman Anwar ake ce min. Masa nake toyawa a bakin wani gareji, tun Anwar ɗin yana goye a bayana, yanzu kuwa har ya ajiye iyali. A garejin akwai fanbita mai miƙe jikin mota, akwai mai gyaran wayar mota, akwai Muttaka mai fenti. Rumfar da ta fi kusa da ni ita ce ta Ndakotsu, mai goge fentin mota da inji. Idan mota ta dushe, ko ta kwaso ƙarce-ƙarce a cunkoson Keke Napep, shi ake kawo wa. Ya shafa mata man folish, ya bi ta da injin nan har ka ga fuskarka a jikin ƙofa.

Tsakanina da shi akwai wata tsohuwar tayar tirela da ya gangaro ya kwantar tun shekarar da na zo. Ita ce iyaka. Wai hayaƙin man gyaɗata yana sauka a kan motocin da ya goge ya yi musu hazo, hannuna kuma maiƙo ne, in na taɓa mota sai ya sake aiki daga farko. Na roƙe shi ya bar ni in raɓa gefen rumfarsa saboda rana, ya ce ko inuwata kada ta tsallake taya. Haka na shekara da shekaru a ƙarƙashin wata yagaggiyar lema, rana tana dukana ta sama, wuta tana gasa ni ta ƙasa, shi kuwa yana cikin inuwa shi da motocin mutane. Ban yafe masa wannan ba, kuma ya sani.

Abin da ya hana mu raba gari shi ne, kakana Bakatsine ne, aikin reluwe ya kawo shi Minna, Ndakotsu kuwa Banufe. To, ka san wasan da ke tsakani. Mun ɓoye faɗan cikin wasa har mu kanmu muka daina bambance su. Da iska ta juya za ka ji shi daga cikin rumfa.

"Maman Anwar, ka juya hayakinka."

Hausar Ndakotsu ba ta san mace ba, kowa a wurinsa "kai" ne, ni da matarsa da akuyar maƙwabta. Ni kuma sai in ce masa, "Ni na hura iskar? Tafi ka kai ƙararta." Ya yi tsaki, in yi wanda ya fi nasa tsawo. Bayan nan ya zo ya sayi masa, ya ce ta yi tsami, ya cinye tas.

Ɗan Bida ne. Ubansa maƙerin tagulla ne, kuma tun yana ƙarami aikinsa goge faranti da toka da lemon tsami. Ya taɓa ce min a gidansu ba a ba ka abinci sai ka iya ganin haƙoranka a bayan faranti, na ce shi ya sa ya fito a rame. Da ya girma ya zo Minna, ya fara wankin mota wa malaman jami'a a Bosso, yana gogewa da tsumma har kafaɗa ta sage. Daga baya ya je kasuwar Panteka ta Kaduna ya samo injin hannu na biyu, mai nauyi, mai faifai a baki da ake ɗaura wa soson gashin tunkiya. Shi ne dai a hannunsa har lokacin da abin nan ya faru. Wayar injin duk ɗaurin salatif ce. Sababbin injina sun fito, marasa nauyi, masu rawa-rawa, Nda ya ce na malalata ne.

Ni da nake zaune kullum ina kallo, na san sana'ar nan ko da ban taɓa riƙe injin ba. Ba sihiri yake yi ba, cin fenti yake yi kaɗan-kaɗan, ya kankare mataccen da ke sama ya fito da mai rai. Juyawar soson tana kawo zafi. In ka daɗe a wuri ɗaya, ko ka danna, fentin ya yi laushi ya ƙone, a ga farin da ke ƙasa. Daga nan babu magani sai a sake fenti. Duk mai goge mota a garin nan ya taɓa ƙona ta wani, wasu sun faɗa, wasu sun ɗora wa mai fenti laifi. Ndakotsu kaɗai aka ce bai taɓa ba. Bai gina gidan sama ba, bai tara komai ba, wannan sunan shi ne abin da ya mallaka.

Sirrinsa ba a ɓoye yake ba, kwaikwayonsa ne ya gagara. Yana riƙe injin da hannu biyu, amma ƙaramin yatsansa na hagu ba ya kama komai. A miƙe yake, yana jan ciki a kan fentin a bayan soson, duk inda inji ya bi shi ma ya bi. Yatsan ne ke gaya masa zafi tun kafin ido ya ga wani abu. Sai ka ga ya ɗaga inji ba dalili, ya koma wani gefe, ya dawo an jima. Masu koyo sun gwada, soso ya ɗebe musu fata, suka haƙura.

Daminar bara ya zo wurina da hantsi, don neman magana ya miƙa hannu cikin tanda ya ɗauki masa da kansa. Na ga ƙaramin yatsan nan ya nutse a cikin mai. Man yana tafasa. Na jira ya yi tsalle in yi masa dariya, sai na ga ya tsaya yana taunawa, yana ba ni labarin wani direba. Fatar yatsan ta yi fari ta fara tashi a gabana.

Na ce, "Nda, hannunka."

Ya duba. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja haka ba. Ba zafi ne ya canja ta ba, rashin zafin ne. Ya sa hannun a aljihu, ya ce ba komai, ya tsallake tayarsa ya koma.

Daga ranar na fara ganin abubuwa. Murfin gwangwanin folish ya faɗi daga hannunsa bai sani ba. Ya daina sa riga mai maɓalli. In an yi ruwa da safe yatsunsa su yi fari fat, ya dinga buga su a cinya. Sannan ya ƙirƙiro wata dabara: ya kashe inji, ya waiga dama da hagu, ya sunkuya kamar mai duba ƙyalli ta gefe, ya manna kuncinsa a jikin mota. Da kunci yake jin zafin. Muttaka mai fenti ya gani ya ce Baba ya fara sumbatar motoci, aka yi dariya, shi ma ya taya su. Ni ban yi ba. Kowa a layin nan ya san bakina ba ya ajiye magana, amma wannan na riƙe ta. Ya kuma fara mayar da baƙaƙen motoci da tsofaffi, masu saurin ɗaukar zafi, wai aiki ya yi masa yawa.

Ana nan bazara ta kama, irin ta Minna da ko tsuntsu ba ya son tashi. Wata Asabar da safe sai ga wata koriyar Fijo ta shigo layi tana tari. Duk garejin mun san ta. Motar Baba Andrawus ce, tsohon ma'aikacin reluwe da ke zaune a Bosso. Kowace shekara kafin Kirsimeti yakan kawo wa Nda ita, ya zauna a benci ya sa masa ido har a gama. Tunda ya saye ta bai bari mai fenti ya kusance ta ba, fentin da ta zo da shi daga kamfani ne a jikinta. Baban ya rasu bara. Motar ta yi shekara a ajiye a ƙarƙashin mangwaro, koren ya koma toka-toka, in ka shafa ya biyo hannunka kamar alli.

'Yarsa Rebecca ce ta tuko ta. Malamar makaranta ce, mai ladabi, ta gaishe ni ta gaishe shi har da rusunawa.

"Baba Nda, gobe ne za mu yi godiya a coci, Baba ya cika shekara. Mama ta ce a motar nan za ta je, kuma yadda Baba yake fito da ita take so."

Ndakotsu ya zagaya motar hannuwansa a baya. Ya ce, "Rebecca, ka kai wa Godwin na Bosso. Yana da sabon inji."

"Na kai masa. Ya ce fentin ya zama bawon albasa, ba zai taɓa ba, sai dai a sake wani. Na gaya wa Mama, ta ce in aka sake fenti ba motar mijinta ba ce kuma." Ta ƙara da cewa, "Baba ya sha faɗa, ba wanda ya san jikin motar nan sai kai."

Nda ya juyo ya kalle ni, ta saman taya. Shekarunmu tare bai taɓa kallona ba sai da tsiya a bakinsa, ranar kuwa kallo ne kawai. Na sunkuyar da kai na juya masar da ba ta isa juyi ba. A raina ina cewa, ka ƙi, tsohon nan, ka ce mata ba ka da lafiya. Sai na ji ya ce a shigo da ita rumfa.

Ya wanke ta da kansa, ya tsane ta, ya bi duk wani kaifi da gefen gilashi ya manna takarda. Ya ja janareto. Rebecca ba ta tafi ba. Ta zo ta zauna a bencina, ta sayi masa, ta fuskanci motar daidai yadda ubanta yake yi. Mutanen gareji ma suka dinga leƙowa, don kowa yana so ya ga yadda tsohuwar Fijo za ta farfaɗo. Wato duk idon da Nda ba ya so, ranar ya samu.

Ya fara da rufi. Injin ya ɗauki kukansa, soson ya fara zama kore. Rebecca ta zabura, na dafa gwiwarta na ce tsohon fenti haka yake yi, mataccen ne ke fita. Na faɗa mata da ƙarfin hali, amma ni ma ban san inda mataccen ya ƙare ba. Yana yin ɗan wuri, ya kashe, ya sunkuya ya manna kunci, ya tashi. Rufi ya fito. Ƙofofi suka fito, da murfin but na baya. Koren nan ya dawo shar, har fanbita ya ajiye gudumarsa ya zo yana jinjina kai. Aikin da Nda yake gamawa kafin azahar, ranar azahar ta wuce saura bonet bai taɓa ba.

Bonet shi ne abin tsoro. Zafin injin mota ya shekara da shekaru yana gasa fentin ta ƙasa, rana tana gasa shi ta sama, nan ya fi ko'ina siranta. Ga kuma wani ƙashi da ya taso a kowane gefe, inda soso ke cin fenti da sauri. Kuma rana ta karkata, ta fara shigowa ta bakin rumfa, ta sauka daidai kan hancin motar. Ya rataya tsohon buhu ya tare, ba ta taru duka ba.

Ya ɗiga folish, ya kunna. Ƙaramin yatsan yana nan a miƙe yana bin bayan soso kamar kullum, masu kallo suna nuna wa juna shi. Ni kaɗai na san yatsan nan ƙarya yake yi. Masa ta ƙone a tanda ban ko duba ba. Na ga ya yi layi ɗaya, ya yi na biyu. Ya kamata ya tsaya ya sa kunci, amma Muttaka yana tsaye a kansa yana murmushi, Rebecca ta miƙe ta matso. Bai tsaya ba. Ya shiga layi na uku, kusa da ƙashin. Na ga folish ɗin yana bushewa nan take yana tashi kamar gari. Sannan hancina ya ɗauko wani abu. Ni da wuta mun daɗe, na san warin abu kafin ya ƙone, kuma wannan ba daga tandata yake ba.

Ban yi shawara da kowa ba, na ɗauki cokalin juyi na rafka wa farantin masa. Ƙarar ta fi ta janareto. Nda ya ɗaga inji.

Ya kashe shi. Bai waiga dama ko hagu ba a wannan karon, ya sunkuya ya ɗora kunci. Sai ya fizge kansa da sauri, hannunsa ya tafi fuska. Kowa ya gani. Yatsan da ya bi wurin nan yanzu-yanzu bai ce masa komai ba, ga kunci ya kasa daƙiƙa ɗaya. Muttaka ya buɗe baki zai yi barkwancinsa, ya dubi yatsan, ya dubi kuncin, ya rufe bakin.

Fentin bai ƙone ba. Na hango wurin daga inda nake, ya ɗan yi duhu yana sheƙi kamar jiƙaƙƙe, amma kore ne. Saura ƙiris.

Rebecca ta ce, "Baba Nda, lafiya?"

Ya tsaya injin yana reto a hannunsa. Rabin bonet yana ƙyalli, rabi toka. In ya bari haka, motar ta fi muni a kan yadda ta zo. In ya ci gaba shi kaɗai, ni da shi mun san abin da zai faru. Janareto yana ta ƙara. Na ji tausayinsa har ya ba ni haushi.

Sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Maman Anwar. Ka wanke hannu ka zo."

Na ce, "In tsallake tayar?"

"Ka tsallake."

Da wata rana ce da sai na ja masa rai har ya roƙe ni a gaban jama'a. Na sauke tanda daga wuta. Na wanke hannu da omo, na sake wankewa, na shinshina, na ƙara. Na cire zobe da awarwaro na ba Rebecca ta riƙe. Na ɗaga ƙafa na tsallake tayar nan, inuwar rumfa ta sauka a kaina, wani sanyi da ban taɓa sanin yana kusa da ni haka ba.

Ya ce in ɗaure mayafina tam a ƙugu, in soso ya kama bakinsa zai naɗe ni. Ya dubi tafin hannuna ya girgiza kai, don tanda ta daɗe da kashe min kan yatsu. Na juya masa bayan hannu, na ce da nan nake auna wuta. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, don ni kaɗai.

"Ka san goshin yaro mai lafiya? Haka nake so. In ya kai goshin yaro mai zazzabi, ka ce dauke. Kada ka ji kunya, kada ka jira."

Na raini yara, na kwana da zazzaɓinsu, wannan ma'aunin na san shi. Na ce masa, "Kai dai ka ji magana in an faɗa maka."

Ya jira wurin ya huce, ya rage gudun injin, ya kunna. Sai da na tsaya kusa na san abin da mutumin nan ya shekara yana riƙewa. Bonet ɗin kansa karkarwa yake yi, ina jin ta har haƙorana. Soson yana juyawa tazarar yatsa biyu daga hannuna, iskarsa tana bugun fatata. Ya ja, na bi da bayan hannu. Ɗumi. Ya ƙara ja. Ɗumi dai. A karo na gaba na ji ya tashi.

"Ɗauke."

Ya ɗauke. Muka koma ɗaya gefen. Na taɓa na farko, na ce, "Sa." Ya sa. Haka muka yi ta yi, ɗauke, sa, ɗauke, sa, gumi yana zuba a idona ba halin sharewa. Ƙaramin yatsansa ya naɗe shi, ya kama inji da shi kamar sauran. Tokar tana ja da baya, koren yana biyo ta.

Muka iso ƙashin gefen direba, inda rana ta fi bugawa. Tun kafin soso ya taɓa, wurin ya riga ya yi ɗumi. Ya ja sau ɗaya na ce ɗauke. Bai ɗauke ba.

"Kadan ya rage," in ji shi.

"Na ce ɗauke."

"Wuri kankani ne, bari in..."

Na ji zafin ya wuce zazzaɓi, ya kai inda uwa ke saɓa yaro ta nufi asibiti ba takalmi. Na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa namiji ba, na kira sunansa cikakke. Ya ɗaga. Muka sunkuya tare. A kan ƙashin koren ya yi haske-haske, kamar zanen da ya sha wanki, farin ƙasa yana so ya leƙo amma bai leƙo ba. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ajiye injin a ƙasa, ya kashe janareto, ya ɗauko tsumma mai laushi. Sauran ƙashin da hannu ya bi shi, a hankali, yadda aka koya masa a kan faranti a gidan ubansa.

La'asar ta yi sanyi muka gama. Rebecca ta kira gida, aka kawo uwarta a Keke Napep. Mama Alisabatu tsohuwa ce ƙarama, da sanda. Ta zagaya motar. Ta tsaya a ƙofar direba, ta ga kanta a ciki, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, sai hawaye. Ta zo ta kama hannun Ndakotsu na hagu da hannayenta biyu.

Ta ce, "Hannun nan bai canja ba. Baban Rebecca ya faɗa."

Da ya yi shiru da shi ke nan. Mutanen gareji sun ga abin da suka gani, amma ba wanda zai kai shi waje, ni kuma na riga na nuna zan iya riƙe baki. Sunansa yana nan, bai ƙona ba.

Ya ce, "Mama, hannun ya mutu. Inji ya cinye jijiya, likita ya gaya min tun bara. Wancan hannu ne ya ji wa motar zafi." Ya nuna ni da haɓa.

Tsohuwar ta dube ni, ta koma ta dube shi. Ba ta saki hannun ba. Na ga ta ƙara matse shi, har jijiyoyin hannunta suka fito.

"Kana ji?"

"Ba na ji, Mama."

Ta riƙe shi duk da haka, ta daɗe, tana yi masa addu'a da harshensu. Bayan nan Rebecca ta miƙo min zobena da awarwaro, ta sa uwarta a gaba, Fijo ta fita daga layi tana walƙiya, yara suna binta.

Na koma wurin tandata ina tattara kaya. Ina kallonsa ta gefen ido. Ya cire soson ya wanke shi har koren ya fita, ya shanya. Ya naɗe wayar a jikin injin, ya goge shi, ya rataye a ƙusar da ke can ƙurya, ba wadda yake ratayewa kullum ba. Sannan ya zo bakin iyaka, ya sunkuya, ya sa damatsansa ya tayar da tayar tirelar nan. Ƙarƙashinta duk kyankyasai. Ya gangara ta bayan gareji ya dawo yana haki.

"Gobe ka shigo da tanda cikin rumfa," in ji shi. "Inuwa ya ishe ka."

Na ce, "Hayaƙina fa?"

"Ba motar da zai bata."

Na so in zage shi, sai na ci gaba da tattara kayana. Shekara da shekaru ina neman inuwar nan, na yi roƙo, na yi gori, na kai ƙara wurin shugaban gareji. Ban taɓa samun abin da nake so na ji baƙin ciki irin na ranar ba.

Washegari na riga kowa zuwa. Na je bayan gareji na gangaro tayar, da ƙyar, har na ɓata zanena, na kwantar da ita a gurbinta. Na kafa yagaggiyar lemata, na hura wuta a inda na saba. Da hantsi ya zo, ya ga taya, ya gan ni. Ya shiga ya zauna a benci a cikin rumfar da babu mota, hannuwansa a kan gwiwa.

Can iska ta juya. Hayaƙin man gyaɗa ya tashi ya tsallake taya, ya cika rumfar. Na riƙe cokali ina jira ya ce in juya hayaƙina. Na ƙara itace ɗanye don hayaƙin ya yi yawa, na sake jira. Yana zaune a cikinsa yana kallon titi.

Ni ce na tashi na juya tandar.